Wakilin hoto: yadda na haɗa fim ɗin albasar Galmi da tsohuwar kwamfutata

Sana'ata ɗaukar hoton biki da suna a Tawa. Shekara shida ke nan ina yi da ƴar kamerata mai ɗaukar hoto mai girman 1080 da wata kwamfutar hannu da na saya kwance a Yamai, ba su taɓa kunyata ni ba. Labarin da zan bayar ya faru ne cikin watan Afrilu, lokacin cirar albasa, sa'ad da wata ƙungiyar manoma ta yankin Galmi ta nemi in yi mata fim na minti 15 zuwa 20 wanda za ta riƙa nuna wa masu saye na Kumasi da Abijan da kuma masu ba ta tallafi. Na san akwai irina da yawa a Tawa da Maraɗi da Damagaram, waɗanda ranar da aka ce musu "4K muke so", wato hoton da ya ninka na 1080 sau huɗu a girma, za su amsa da "ba matsala" kamar yadda na amsa, don haka na ga gara in faɗi yadda ta kaya.

Sakataren ƙungiyar ne ya zo shagona da takarda a hannu. A cikinta masu tallafin sun rubuta cewa a ba su fim ɗin a 4K, tare da wani kwafi na 1080. Na rubuta musu takardar kuɗin aiki, jika 400 na sefa, rabi kafin a fara, rabi in an gama. Na sa hayar kamera da kuɗin mota da ladan wahalata. Ban sa diski ba, ban sa hayar babbar kwamfuta ba, don a lokacin ban san akwai su cikin lissafin ba. Muka sa hannu, na karɓi jika 200 na zuba aljihu. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Kamera mai 4K sai a Yamai na samu haya, jika 25 kowace rana. Mai ita ya nemi kwafin katin ɗan ƙasa, da ajiyar jika 100 da za a mayar mini in ta dawo lafiya, da wanda zai tsaya mini a can. Wani babban yayanmu a sana'a, wanda ya yi karatun aikin talabijin a makarantar IFTIC ta Yamai kuma yake da ɗakin montaj, wato yanka da jera hotunan fim, ba nisa da Wadata, shi ya tsaya. Ranar da za a sa ta a kar, wato motar safa, ya kira ni ya ce, "Ƙanena, kwamfutarka za ta ɗauki hoton nan kuwa?" Na ce za ta ɗauka. Girman kai ne kawai, ban ko gwada ba. Bai ja maganar ba, ya ce in dai tabbata na sa kamerar a hoto 25 cikin sakan, don kuran namu, wato wutar lantarki, mai bugu 50 cikin sakan ne, in na sa 30 fitilun cikin ɗaki za su riƙa ƙyafta ido a hoton. Wannan shawarar kaɗai na bi, ita kaɗai ce kuma ba ta dawo ta cije ni ba.

Kwana uku na yi a Galmi. Mun fara da gaida maigari da neman izninsa, sannan muka shiga gonaki. Wanda bai ga Galmi lokacin cira ba bai ga albasa ba: mata zaune cikin rana suna yanke ganye, samari suna ɗinke buhuna, amalanken jaki na kai da komo, ga rudu jere inda ake ajiye wadda za a jira tsadarta, ga manyan motoci a bakin hanya suna lodi. Na ɗauki hoto kamar wanda aka ce gobe za a hana. Kamerar tana rubuta megabit 100 cikin sakan, wato kusan jiga (gigabait) 45 kowace awa. Kati biyu aka haɗo mini da su, kowane jiga 128, kowane kuma bai cika awa uku ba yake cika. Kullum da dare sai in kwashe su a diski mai tera 2 da na saya jika 55 ana gobe tafiya, in goge katunan don aikin safe. Daren farko na sa wayar diskin a ramin da ba shi da shuɗin baki, na zauna fiye da awa ina kallon layin kwafi yana rarrafe, kafin in tuna cewa ramin mai shuɗi shi ne mai sauri. A dare na biyu kwamfutar ta tambaye ni ko ta maye gurbin wani fayil mai suna C0001 da wani C0001. Gabana ya faɗi. Ashe duk katin da aka goge, kamerar daga 1 take sake ƙirga. Allah ya taimake ni ban danna "to" ba. Na buɗe dosiye shida, kowace rana biyu, kowane kati da nasa. Na dawo Tawa da awa tara na hoto, jiga 400 da ɗoriya, duka a diski ɗaya tak, katunan kuma a goge. Yanzu in na tuna na rataya jakar nan a bayan kabu-kabu sai jikina ya yi sanyi. Sakataren ya ƙara mini da wasu guntayen hotuna da ya ɗauka da wayarsa lokacin dashe da ban ruwa, ya ce a sa su.

Da manhajar DaVinci Resolve nake montaj, ta kyauta. Na zuba hotunan, na jawo hirar shugaban ƙungiya kan layin aiki, na danna. Murya ta tafi abinta, hoto ya tsaya. Can ya yi tsalle, ya sake tsayawa. Fankar kwamfutar ta ɗauki kuka kamar injin niƙa, ƙasanta ya yi zafin da ba ka iya ɗora ta a cinya. In na ja baya kaɗan don in ga inda zan yanke, sai in ƙirga har goma kafin hoton ya biyo. Na kashe na kunna, na goge wasu kaya, na yi duk surkullen da muka saba. Ba abin da ya sake. Dalilin da na fara ganewa shi ne girma: hoton 1080 ɗigo 1920 ne a kwance da 1080 a tsaye, ɗigo miliyan biyu da ƴan kai, shi kuwa 4K ɗigo 3840 ne da 2160, fiye da miliyan takwas. Ninki huɗu ke nan, sau 25 kowane sakan. Kwamfutata kuwa ram ɗinta, wato inda take riƙe abin da take aiki a kai, jiga 8, ba ta da katin hoto na daban.

A fada na kai kukana da dare, ana shayi. Wani abokina da ke harkar waya ya ce ai abu ne mai sauƙi, in rage girman hotunan in yi aikina, in na gama in mayar da manyan. Maganarsa gaskiya ce, amma rabinta. Na sauko da wata manhajar rage bidiyo ta kyauta, na zuba mata duka, ta kwana biyu tana aiki, ta fito mini da ƙananan fayiloli. Suna tafiya, ko da yake in na ja baya har yanzu suna ɗan cijewa. Kwana biyar na yi ina yanka ina jerawa, na sa kiɗa, na sa rubutun sunaye, fim ya tsaya minti 18, har ina jin daɗin kaina. Ranar da na ce bari in mayar da manyan hotunan a gurbin ƙananan, ranar na san na yi aikin baban giwa. Manhajar nan ta sake wa kowane fayil suna, ta zuba su duka a dosiye ɗaya, ta mayar da su hoto 30 cikin sakan ba tare da ta tambaye ni ba, ta kuma goge agogon da kamera ke rubuta wa kowane hoto a ciki. Ba wata igiya da ta rage tsakanin ƙaramin da babban. Na gwada haɗa guda ɗaya da hannu, sai wurin yankan ya goce, baki ya rabu da murya. Yanka fiye da 200 ne a fim ɗin. Na rufe kwamfutar na fita waje na zauna, ga kwana goma sha biyu kawai ya rage a yarjejeniya.

Washegari na ajiye girman kai na kira Yaya. Ya saurare ni har na gama, ya yi dariya, ya ce, "Ka taɓa zuwa ɗaurin aure?" Na ce abincina ke nan. Ya ce, "To wa ke karɓar aure?" Na ce wakilin ango. Ya ce, "In an shafa fatiha, gidan wa ake kai amarya?" Na ce gidan ango. Ya ce to abin da ake kira furoksi ke nan, wakili ne. Ƙaramin hoto ne mara nauyi da ke zama a madadin babban duk tsawon montaj, a yanke shi, a jera shi, a yi ta ja gaba da baya a kansa, amma ranar fitar da fim sai ya tashi babban ya zauna. Sharaɗin ɗaya ne, kowa ya san wakilin wane ne. Sunansu ɗaya, tsawonsu ɗaya, yawan hoto cikin sakan ɗaya, agogon ciki ɗaya. "Kai kuwa ka tara wakilai ɗari ba wanda ya san angonsa." Ya ce ba sabon abu ba ne. Zamanin da ake fim da zare, mai montaj ba ya taɓa asalin zaren da ya fito daga kamera, kwafin aiki ake buga masa ya yi ta yanka da liƙi har ya gamsu, sannan a bi lambobin gefen zare a yanke asalin sau ɗaya.

Ya kuma warware mini abin da ya ɗaure mini kai, wato me ya sa ƙananan nawa ma suke cijewa. Ashe ba girma kaɗai ba ne, har da yadda aka ƙunshe hoton. Kamerori irin namu da wayoyi da H.264 ko H.265 suke rubutawa. Waɗannan ba sa ajiye kowane hoto cikakke. Sai su ajiye ɗaya cikakke, na bayansa kuma su rubuta abin da ya sake kawai. Ya ce kamar littafin bashin mai kanti ne: ran Litinin an rubuta jimilla, Talata an ƙara dala kaza, Laraba an rage kaza. In ka ce nawa ake bin wane ran Alhamis, sai an koma Litinin an taho da lissafi. In kallo kawai kake daga farko zuwa ƙarshe ba damuwa, amma mai montaj tsalle yake, kowane tsalle kuma sai kwamfuta ta sake lissafi. Irin su DNxHR na kamfanin Avid da ProRes na Apple kuwa kowane hoto cikakke ne da kansa. Sun fi cin wuri, amma ba sa gajiyar da inji. Ya ce in bar manhajar montaj ta yi wakilan da kanta, don ita ce za ta riƙe igiyar. Resolve ya samu wannan tsari tun fitowa ta 17, manhajar Premiere kuma tun 2016, har Kdenlive da Shotcut na kyauta suna da shi. Kafin ya ajiye waya ya tambaye ni kwafi nawa nake da shi na asalin hotunan. Da na ce ɗaya, shiru ya yi na ɗan lokaci, sannan ya ce kada in sake kiransa sai na sayi diski na biyu.

Na sayi na biyun, wata jika 55, na kwafe komai. Na kai kwamfutar wurin mai gyara a kasuwa ya ƙara mata ram ta koma jiga 16, jika 20. Sannan na buɗe sabon aiki fil. Abu na farko na sa shi a hoto 25, don in ka riga ka zuba kaya ka fara jeri wannan ba ya sakuwa. Na shigar da dosiye shidan nan yadda suke, kowane da jakarsa a cikin manhajar, ban taɓa sunan ko ɗaya ba. A cikin saitin aikin akwai inda ake zaɓen girman wakili da irin ƙunshinsa da inda za a ajiye shi. Na zaɓi DNxHR mafi sauƙi, girma kuma na zaɓi kwata, wato 960 da 540, na ce a ajiye su cikin kwamfutar kanta, ba a diskin waje ba. Hotunan wayar sakatare na ware su daban, saboda waya ba ta riƙe yawan hoto ɗaya cikin sakan, takan rage ta ƙara gwargwadon haske, abin da ke sa murya ta riƙa zamewa a hankali. Su na fara bi da su ta manhajar sauya bidiyo ta HandBrake na tsayar da su a 25 cif, na ɗauki waɗanda suka fito a matsayin asali, sannan aka yi musu wakilai kamar kowa.

Yin wakilan shi ne jiran da ya fi tsawo. Daren farko na zaɓi duka na danna, na kwanta. Wajen ƙarfe biyu kuran ya yanke, batirin kwamfutar da ba ya wuce minti 20 ya mutu, da safe na tarar da aiki a tsakiya ban san wanne ya gama wanne ya karye ba. Daga nan na koma yi kati-kati. In ɗaya ya gama in duba ƴar alamar da ke fitowa jikin kowane hoto, in rubuta a takarda, in shiga na gaba. Zafin Afrilu a Tawa ba sai an faɗa wa ɗan Adar ba. Na ɗora kwamfutar kan bulo biyu don iska ta shiga ƙarƙashinta, na juya mata fankar ɗaki, ni na kwanta a tsakar gida. Maiɗakina ta ce ta ga ranar da aka yi mata kishiya mai fanka. Dare biyu da wuni ɗaya aka yi. Awa tara ɗin nan da suka ci jiga 400 sai ga wakilansu ba su kai jiga 50 ba. Na shiga jerin saitin kallo na zaɓi a fifita wakili, na danna hirar shugaba. Ta tafi sumul. Na ja baya, na ja gaba, hoton na biye da yatsana. Na zare diskin asali gaba ɗaya don in gwada, aikin bai ko girgiza ba. Na naɗe shi na sa a akwati, wanda ya ɗauke mini fargabar kada kuran ya yanke yana tsakar juyawa.

Montaj na biyu kwana uku kawai ya ci, tunda na riga na san fim ɗin a kaina, tsohon kuma na buɗe shi gefe ina kwaikwayo. Na fitar da samfuri daga wakilan don ya yi sauri, na tura wa sakatare. Da yamma sai ga kiran Alhaji shugaban ƙungiya, ko gaisuwa ba mu gama ba: "Yaro, wanga hoto mi ya same shi? Albasarmu ba haka take ba. Wagga ai kamar wadda ta kwana cikin ruwa." Yana da gaskiya. Abin da ya sa ake neman ta Galmi har bakin teku shi ne wannan launi nata mai ja da shuɗi-shuɗi da ƙyallin ɓawonta, a samfurin kuwa duk ya dushe. Na ce, "Alhaji, wakilin ango ne kuka gani, angon na nan tafe." Ya yi dariya ya ce to Allah ya kawo shi lafiya, amma na ji a muryarsa bai gama yarda ba. Tun daga ranar ba na tura wa kowa samfuri sai da rubutu a kusurwa cewa na gwaji ne, kuma sai na faɗa da baki kafin a buɗe.

Fitar da 4K da gyaran launi sun fi ƙarfin injina, don haka na shirya Yamai. Yaya ya tambayi lambar fitowar Resolve ɗina, ya ce in tawa ta fi tasa sabunta aikin ba zai buɗu a wurinsa ba. Muka ci sa'a tasa ce gaba. Na fitar da fayil ɗin aikin, ɗan mitsitsi ne, ƴan mega kawai, don ba hoto a cikinsa sai bayanin a yanke nan a liƙa can. Na tura masa ta WhatsApp, na sa wani a kile, wato ɗan filashin USB. Da asuba na shiga kar, tikiti kusan jika 10, diski ɗaya naɗe cikin riga a kan cinyata, ɗayan na bar shi Tawa. Fiye da kilomita 500 ne ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Dosso, duk ramin da mota ta faɗa sai na ji shi a ƙirjina, don diski mai juyawa ba ya son girgiza.

Ɗakin montaj ɗin jika 15 ne a wuni, na yi biyu. Da muka buɗe aikin, allo gaba ɗaya ya yi ja. Na tsorata, Yaya ko a jikinsa. Ya ce a kwamfutata diskin harafin E yake amsawa, a tasa kuma wani harafi aka ba shi, manhajar tana neman gida a tsohon adireshi. Sai a nuna mata sabon. Ya fita salla ya bar ni. Ni kuma don gaggawa na zaɓi hotunan duka, na nuna mata babban dosiyen da ya haɗa shidan, na ce ta nema. Jan ya ɓace, na yi hamdala. Da ya dawo muka fara kallo. Minti na huɗu, muryar Alhaji, wadda na ɗauka da ƴar na'urar murya daban, tana bayanin yadda ƙungiya ta faro, a allo kuwa ga jaki ya cika fuska yana kaɗa kunne. C0014 na rana ta ɗaya ya hau gurbin C0014 na rana ta uku, suna ɗaya, tsawo ma kusan ɗaya. Yaya ya yi dariya har da hawaye, ya ce da wannan ya isa Galmi da ni da garin sai a lahira. Muka warware haɗin, muka bi jaka-jaka, kowace muka nuna mata dosiyenta kaɗai. Abin da ya cece ni dosiye shidan nan ne da na buɗe don tsoro a daren Galmi. Da na zube su wuri ɗaya ina sake musu suna yadda na ga dama bayan an yi wakilai, da sai dai a bi su ɗaya-ɗaya da ido.

Sai muka juya saitin zuwa fifita asali, babban hoto ya zauna a babban allo. Albasar Alhaji ta dawo da launinta, har jijiyoyin ɓawo ana gani. Amma angon ya zo da nasa aibin da wakili ya rufe. Hirar shugabar mata, wadda ta fi kowace daɗi a fim ɗin, ashe idon kamera ba a fuskarta ya tsaya ba, a kan rudun da ke bayanta ya tsaya. A 960 da 540 komai ɗan dishi-dishi ne, ban lura ba. A 4K kuwa kowane karan rudu tar, fuskarta a hazo. Ba gyara ga wannan. Muka bar muryarta, muka rufe yawancin wurin da hoton hannayen mata suna yanke ganye, fuskarta muka nuna a guntaye biyu da ta matsa baya ta shiga daidai. Har yau abin na ci mini rai, don ta cancanci a gan ta. Da na zaɓi rabi maimakon kwata, ko da na zauna na kalli asalin hirarrakin tun a Galmi, da na sake ɗauka. A gefe guda 4K ya yi mana rana a kwafin 1080: inda na tsaya nesa da yawa sai mu matso da hoton har ninki biyu bai fashe ba, kamar da kamera biyu aka ɗauka.

Gyaran launi a kan asali aka yi shi duka, Yaya ya ce wanda ya gyara launi a kan wakili ya yi wa wani kwalliya. Wajen fitarwa ya sa ni na duba da idona cewa akwatin da ke cewa a yi amfani da wakili ba a danne yake ba, don ni na danna shi lokacin samfuri, kuma saitin yakan biyo aiki. In an manta, fayil zai fito da sunan 4K da girman 4K, cikinsa kuwa ƙaramin hoto ne aka buɗa. Muka fitar da babban a megabit 40, cikin abin da YouTube ke ba da shawara ga irinsa, ya tashi jiga 5 da rabi. Na 1080 ya wuce jiga 1 kaɗan. Muka zauna muka kalli minti 18 ɗin daga farko har ƙarshe ba tsallake. Sai kilen da na saya don miƙa aiki ya ƙi karɓar babban, yana cewa ya yi girma, alhali jiga 32 ne ba komai a ciki. Tsarin FAT32 da ya zo da shi ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya wuce jiga 4. Muka goge shi muka mayar exFAT, ya shiga.

A kar ta komawa na yi lissafi a bayan tikiti. Kamera kwana huɗu jika 100, diski biyu 110, ram 20, Galmi da masauki 40, Yamai zuwa da dawowa 20, ɗakin montaj 30. Jika 320. Abin da ya rage mini na kusan wata guda jika 80 ne, sai diskin biyu da suka zama nawa. Yanzu in an ce 4K, kuɗin diski biyu da na ɗakin montaj suna cikin takarda tun farko, kuma ina tambaya ina za a nuna fim ɗin, don wani 4K ɗin a baki kawai ake sonsa. Ba na goge kati sai hoton ya zauna wuri biyu. Dosiye da kwanan wata da lambar kati nake buɗe shi tun a filin aiki, in zan sake wa fayil suna to kafin ya shiga manhaja ne, bayan nan ko harafi ba na taɓawa. Daren da na dawo daga ɗauka, daren nake sa wakilai, kati-kati, a rabin girma in wuri ya isa. Hirarraki kuwa sai na buɗe asalinsu na tsayar da hoton na duba ido da gashin gira kafin in bar garin. Kafin in nitse cikin montaj kuma sai na yanke minti ɗaya na gwaji, na juya shi zuwa asali, na fitar, na ga igiyar tana riƙe. Minti goma ne, da na yi shi da farko da kwana bakwai ba su tafi a banza ba.

An nuna fim ɗin a Galmi bayan isha, da furojekta a jikin bangon ma'ajiyar ƙungiya. Na 1080 aka sa, don na'urar iyakarta ke nan. Alhaji ya ga albasarsa ya gyaɗa kai, ya juyo ya ce mini ango ya iso. Shugabar mata ta tambaye ni me ya sa aka fi nuna hannuwa, na gaya mata gaskiya, ta ce ba komai, hannuwan ne ke aikin. Bayan sati biyu sakataren ya kira ni. Masu tallafi sun karɓi nasu, kilen 4K na ƙungiya yana durowarsa ba wanda ya buɗe. Abin da yake so shi ne in rage masa fim ɗin ya dawo ƙasa da mega 60, don dillalansu na Kumasi a waya suke kallo kuma sun ce yana cinye musu kuɗin intanet.